Saƙonni Bakwai na Inna Dije

Har gobe ban mance da ranar da Inna Dije ta shigo biro ɗinmu, wato ofishinmu na Dogon Dutsi, da salula ƙulle a bakin zanenta ba. Ku sababbin nan kuna ta gunaguni wai na cika takura: a rubuta bayani, a yi gwaji, wani ya duba aikin wani kafin a ɗora. Na ma ji sunan da kuka laƙaba mini, wai Shef Sake-Duba. Na ji, kar ku wani sunkuyar da kai. Ku gyara zama in gaya muku inda abin ya samo asali.

A lokacin mu huɗu ne kacal a wannan ƙungiya ta taimakon makiyaya. Madam Zalika ce shugaba. Malam Tanko shi ne likitan dabbobi, kullum yana kan moto, wato babur, tsakanin rugage. Sai ni, Isuhu, da Mariyama a gaban ordinatar, wato kwamfuta. Ni ne babba, ita ba ta cika shekara da zuwa ba. Tsarin aikin ba shi da wuya. Kowace ruga ta zaɓi wakili, mun ba shi salula, mun koya masa yadda zai turo saƙo idan dabba ta kamu: lambar ciwo, adadin dabbobin da suka kwanta, da sunan mai su. Saƙon yana faɗowa cikin babbar na'urar da muke kira sarbar, wadda a wancan lokacin take ajiye a ƙarƙashin teburina.

Aikina shi ne ɓangaren baya, wanda ba kowa yake gani ba. Wakili yana ganin salularsa, Malam Tanko yana ganin jerin wuraren da zai je. Abin da ke tsakani, wato karɓar saƙo, amsa wa mai shi, adana shi, jera shi da tura shi, duk manhajar da na rubuta ce take yi. Akwai kuma wata ƙa'ida mai muhimmanci: idan gida uku ko fiye a yanki ɗaya suka kawo kukan ciwo iri ɗaya, manhajar za ta buga ƙararrawa a salular Madam. Ranar nan sai a bar komai, a ɗauki akwatin sanyi da allurar rigakafi, a je a yi wa garken yankin gaba ɗaya. Ni na gina abin tun daga tushe, kuma ba na ɓoye muku, ina ji da shi. In wani ya ce ya samu matsala, abin da nake fara tambayarsa shi ne, "Ka tabbata ka danna daidai?"

Tsakiyar damina ce, gero ya fara fitar da kai. Wajen ƙarfe goma na safe ta shigo, dattijuwa doguwa marar jiki, saukowarta ke nan daga motar Matankari. Na san sunanta a jerin wakilai amma ban taɓa ganinta ba. Ita ce wakiliyar wasu gidajen makiyaya da suke hawa tudu arewa da Matankari da damina, don su nisanta shanu da gonaki. Gidajen a warwatse suke, wani ba ya hango wani, kuma can sama babu rezo, waya ba ta kamawa. An zaɓe ta ne saboda duk ranar kasuwa tana saukowa sayar da nono, sai kowa ya ba ta saƙonsa da baki, in ta iso gari ta tura. Mariyama ta miƙa mata kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Wane ne mai injin cikinku?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Lafiya?"

"In lafiya ce mi za ya kawo ni Dogon Dutsi ba ranar kasuwa ba?"

Ta ba mu labari ba tare da ta ɗaga murya ba. Kwana takwas da suka wuce, gida bakwai suka ba ta saƙo, duka a kan ciwo ɗaya, harbin daji. Wanda bai san shi ba, ciwo ne da saniya za ta kwana lafiya, ta tashi tana ɗingishi, cinya ta kumbura, kafin kwana biyu ta faɗi. Da ta isa kasuwar Matankari ta zauna ta tura saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ta fara da na gidanta don shi ne a bakinta. Washegari da rana Malam Tanko ya zo, maza duk suna daji da shanu. Ya yi wa saniyar gidanta allura. Ta tambaye shi sauran fa, ya ce shi saƙo ɗaya aka ba shi, maganin saniya ɗaya ya ɗauko, kuma ana jiransa a wasu wurare biyu, na sauran ƙila suna kan layi. Ya tafi. Suka jira kwana ɗaya, biyu, uku, ba wanda ya zo. Saniyarta ta tashi, na mutane suka yi ta faɗuwa.

Wanda ya fi kowa asara shi ne yayanta Sambo, uwa ɗaya uba ɗaya. Har saniyar da mahaifinsu ya bar musu ta tafi.

Ta ce, "Yanzu cewa suke nawa kaɗai na tura. Wai na ga magani ba shi isa, na rufe bakina na ceci tawa. Sambo ba ya amsa gaisuwata. Matarsa ta aiko mini da ƙwaryata da ke wurinta tun bara. Jiya mata sunka tafi kasuwa ba wadda ta kira ni. Shanu sun tafi, na bar wa Allah. Amma ni ban ci amanar ɗan'uwana ba, Malam. Shi ya kawo ni."

Kun san abin da na yi? Na juya ordinatar, na buɗe jerin saƙonnin wannan rana, na nuna mata da yatsa, kamar wadda za ta karanta.

Na ce, "Inna, ga shi nan. Saƙo ɗaya ya shigo daga lambarki. Ƙila rezo ne ya yanke, ko kuma kin ɗauka kin tura alhali bai tafi ba. Yana faruwa."

Wallahi yadda na faɗa muku haka na faɗa mata, da muryar nan ta mai ilimi. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro salular daga cikin leda, ta miƙa wa Mariyama, ba ni ba. Mariyama ta yi ta dannawa, can ta ɗago.

Ta ce, "Shef, bakwai ne a nan. Kuma kowanne da amsarsa a ƙasa: an karɓi saƙonka."

Na ce, "Ba zai yiwu ba."

"In rezo ne ya cinye su, wa ya amsa mata sau bakwai?"

Na karɓi salular. Bakwai ne, ga sunayen masu shanun, ga na Sambo shi ne na biyu. Amsoshin kuwa ni na rubuta su da hannuna, na san har inda na sa aya. Sai idona ya faɗa kan wurin adadi. Duk bakwai ɗin, ɗaya aka rubuta.

Na ce, "Inna, gida bakwai, kuma kowane gida saniya ɗaya ce ta kwanta?"

Ta yi mini wani kallo da har yau nake jin kunyarsa.

Ta ce, "Kai ɗan ina ne? Wa ka taɓa ji ya ƙirga shanunsa da baki? Ko goma sunka kwanta, cewa za ya yi wata saniya ba ta jin daɗi. Ni kuma in tambaye shi nawa? Haba! Injinku ba ya karɓa sai da lamba, sai in sa ɗaya."

Ni ɗan Arewa ne, a nan aka haife ni. Tun ina yaro na san makiyayi ba ya faɗin yawan dabbobinsa, kuma tambayarsa ma rashin ta-ido ne. Na sani sarai. Amma ranar da na zauna ina tsara saƙon nan ban tuna ba, don a takardun da na koya kowane rahoto da adadinsa. Tana rufe baki sai na tuna wani abu da na yi kusan shekara biyu kafin nan.

A shekararmu ta farko rezo yana da wani hali: saƙo ɗaya sai ya kawo shi sau biyu ko sau uku. Wata rana Malam Tanko ya je ruga ɗaya sau biyu a kan akuya ɗaya, ya dawo ransa a ɓace, ya ce in ba a gyara ba shi ya bar hawa moto. Da la'asar ɗin nan na rubuta layi uku na kod, wato umarnin da manhajar take bi. Abin da suke cewa shi ne: idan lambar salula ɗaya ce, ciwo ɗaya ne, adadi ɗaya ne, kuma rana ɗaya ce, to maimaici ne, a riƙe na farko a zubar da sauran. Matsala ta kau, aka yi mini sannu. Ban rubuta a ko'ina cewa na yi haka ba. Ban yi masa gwaji ba. Ko alama ban bari ba ta yadda za a san an zubar da wani abu. A lokacin babu suna a cikin saƙo. Da Mariyama ta zo ita ta ƙara wurin suna, ta yi aikinta daidai, sai dai ba ta san da layukan nan ba, don suna can binne a wani lungu, ni kuma na manta da su. Saboda haka matatar, wato layukan nan uku masu tace saƙo, ba ta duban suna. Abin da ya fi muni, amsar nan ta "an karɓi saƙonka" tana fita ne tun kafin saƙo ya isa matatar. Wato injin yana cewa na karɓa, sannan ya juya ya zubar.

Da an ƙirga su bakwai, da ƙararrawa ta buga tun ranar kasuwa. Na buɗe wurin, na nuna wa Mariyama. Ta karanta, ta sake karantawa, ta koma kujerarta. Da ta zage ni ma ya fi mini sauƙi.

Na shiga wurin Madam na gaya mata. Ba ta tsaya faɗa ba. Ta kira Malam Tanko ta ce ya dawo daga inda yake, aka cika akwatin sanyi, aka nemo mota. Sannan ta tambaye ni abu ɗaya.

Ta ce, "Isuhu, sau nawa wannan ya faru a wasu wurare?"

Na ce, "Ban sani ba, Madam."

"To duba."

"Babu inda zan duba. Abin da aka zubar bai bar sawu ba."

Ta cire gilashinta ta aje a kan tebur.

Kafin azahar mota ta shirya. Inna Dije ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta tsaya a gabana.

Ta ce, "To taso mu tafi. Ka faɗa musu da bakinka."

Madam ma ta ce, "Bi su, Isuhu."

A nan na yi kuskure na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Na ce ba zan iya barin sarbar haka ba. Na ce akwai wasu wakilai da suke turo saƙo kullum, sai na toshe ramin tukuna, in ya so in je da hujja a hannu. Maganar tana da kan gado, shi ya sa Madam ta yarda. Amma gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ban san yadda zan tsaya gaban mutumin da shanunsa suka mutu in ce ni ne ba. Na ce wa Inna Dije, "Ki yi haƙuri, kwana biyu zan zo. Malam Tanko zai yi musu bayani." Ta dube ni, ta ce Allah ya kai mu, ta shiga mota.

Cire layukan nan uku ko minti goma bai ɗauka ba. Da na so, da na cire su na bi motar a kan kabu-kabu, babur ɗin haya. Maimakon haka na zauna, ni da Mariyama, muka kwance manhajar gaba ɗaya. Aikin da muka yi a makon nan shi ne kuke gani yanzu kuna cewa ƙa'idodin Shef, don haka bari in faɗa muku yadda ya kasance.

Mun fara da cewa ba a ƙara zubar da komai. Duk saƙon da ya shigo, ko shirme ne, sai an adana shi yadda ya zo kafin a taɓa shi. Wanda ake zaton maimaici ne a ware shi gefe, mutum ya duba da idonsa ya yanke hukunci. Sai amsa. Mariyama ce ta ce kalmar "an karɓa" ba ta isa ba, don ba ta nuna me aka karɓa. Muka mayar da ita ta riƙa fita bayan an adana, kuma da sunan mai dabba a ciki, ta yadda wakili zai iya nuna wa kowane gida nasa. In kuma wani abu ya hana adanawa, injin ya faɗi gaskiya cewa bai karɓa ba, a sake turowa. Wurin adadi muka bar shi ga wanda ya so, kuma ƙararrawa ta koma ƙirga gidaje da sunayensu.

Sannan gwaji. Mariyama ta kwafe saƙonnin Inna Dije bakwai yadda suke kafin a tafi da salular. Muka mayar da su gwajinmu na farko: duk lokacin da wani ya canza ko harafi ɗaya a manhajar, sai an zuba mata saƙonnin nan, in ba su fito bakwai ba, in ƙararrawa ba ta buga ba, aikin ba zai hau sarbar ba. Suna nan har yanzu, kun sha ganinsu suna wucewa ba ku san na wace ce ba. Muka kuma sa kowace safiya Madam ta samu lissafi mai sauƙi: saƙo nawa ya shigo jiya, nawa ya isa ga likita, nawa ke gefe. In ba su haɗu ba, ba mai shan shayi sai an gano dalili.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne rubuta bayani. Mariyama ta zaunar da ni ta ce in bi manhajar layi-layi in gaya mata dalilin kowace ƙa'ida, tana rubutawa. Kai! Sau biyar tana tambayata, "Wannan fa, Shef, don me?" ina cewa ban tuna ba. Abin da na gina da hannuna, nake taƙama ni kaɗai na san shi, ashe ni ma ban san shi ba. Biyu daga ciki muka gano gyare-gyaren gaggawa ne irin wancan, suna zaune suna jiran ranarsu. Tun daga nan muka ce ba wanda zai ƙara ɗora aiki shi kaɗai, ko da ni ne, ko da layi ɗaya ne.

Aikin ya yi kyau, ba na musu. Amma kwana biyun da na ce sun zama shida. Kullum sai in samo wani abin da bai kammala ba. Malam Tanko ya dawo a rana ta uku, an yi rigakafi, ciwon ya tsaya. Na tambaye shi ko ya yi musu bayani.

Ya ce, "Na yi. Na ce inji ne ya yi kuskure. Sai wani ya ce to ai dole in faɗi haka, tunda ni na yi wa saniyarta allura na sha nono a gidanta. Ba su yarda da ni ba, Isuhu. Kai suke jira."

Na ce masa saura kaɗan in gama. A rana ta shida Madam ta leƙo ofis ɗinmu ta ce, "Gobe da safe za ka tafi, ko ka gama ko ba ka gama ba." Ba ta jira amsata ba.

Malam Tanko ya goya ni a moto. Daga Matankari muka bar hanya muka hau tudu, ciyawa har gwiwa, ƙafafuna duk laka. Ardo, wato shugaban makiyayan wurin, ya aika aka tara mutane a ƙarƙashin wata bishiya kusa da gidansa. Maza suka zauna gaba da sandunansu, mata suka tsaya daga baya. Inna Dije tana can gefe ita kaɗai. Na zo da takardu a jaka, har da zane na yadda saƙo yake tafiya. Da na ga fuskokinsu ban ma buɗe jakar ba.

Na ce, "Baba Ardo, sunana Isuhu, ni ne mai kula da injin da ke karɓar saƙonninku. Inna Dije ta tura saƙo bakwai, na gida bakwai, ba ta rage ko ɗaya ba. Duka sun iso wurinmu. Injin ne ya riƙe na farko ya zubar da shida, don ya ga daga salula ɗaya suka fito kuma sun yi kama da juna."

Ardo ya ce, "Shi injin, haka kawai ya ga dama?"

"A'a, Baba. Ni na koya masa."

"Kuma da ya zubar, ya ce mata ya karɓa?"

"Haka ne."

"Wannan ma kai ka koya masa?"

Na ce, "Ni ne."

Wani dattijo ya yi salati a hankali. Na yi zaton za a taso mini, na ma shirya wa hakan. Ba wanda ya motsa. Ardo ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa, sannan ya juya wajen mata ya ce, "Kun dai ji." Wata mata ta taka ta je ta tsaya kusa da Inna Dije, wata ta bi ta. Ardo ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, amma sun ɗauki alhakin baiwar Allah, kowa ya nemi gafararta. Na ji wani nauyi ya sauka daga kaina. Sai na ce ina so in ga Sambo, in ba shi haƙuri shi kaɗai, tunda shi ya fi asara.

Mutane suka kalli juna. Ardo ne daga baya ya ce, "Sambo ya tashi shekaranjiya."

Ya kwashe sauran shanunsa da iyalinsa tun da asuba, bai yi sallama da kowa ba. Ya dai gaya wa wani maƙwabcinsa cewa ba zai ƙara zama inda 'yar'uwarsa take ba. Wasu sun ce gabas ya yi, wasu sun ce ya tsallaka iyaka. Ba shi da salula.

Shekaranjiyar da yake faɗa kuwa ina zaune a biro ina gyara yadda lissafin safe zai fito da kyau a allo.

Da mutane suka watse Inna Dije ta zo inda nake. Ban iya ɗaga ido ba. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

Ta ce, "Kwana huɗu Sambo yana zuwa gidan Ardo yana tambaya ko mai injin ya zo. Da ka biyo ni ranar nan, da ya ji."

Ba ta faɗa da zafi ba, kuma ba ta ƙara komai a kai ba. Ta sa Malam Tanko ya buɗe mata wurin ɗaukar murya a salular, ta kawo ta daidai bakina.

Ta ce, "Maimaita abin da ka faɗa. Ka fara da sunanka da na babanka. Ka ambaci sunan Sambo, don ya san da shi kake. Makiyayi yana dawowa, ko ba bana ba."

Na faɗa. Sai da muka sake ɗauka sau biyu. Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta tafi tatsar yamma.

To kun ji. Abin da na koya a sana'ar nan ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. Manhaja ba ta san mutanen da take yi wa aiki ba sai abin da muka gaya mata, mu kuma muna zama gaban allo mu manta abin da muka sani tun muna yara. Gyaran gaggawa da ba a rubuta ba yana nan yana aiki bayan mai shi ya manta da shi. Kuma in abinku ya cuci wani, ku toshe ramin a minti goma, ku tashi ku je ku faɗa masa da bakinku a ranar. Sauran gyaran zai jira ku, yana nan inda kuka bar shi. Ni na tsaya kyautata aiki don in ɓoye a bayansa, kuma na san haka tun a lokacin.

Inna Dije har yanzu ita ce wakiliyarmu a can, kuma babu wakilin da ya kai ta kiyaye aiki. Bara salular ta tsufa, Madam ta ce a canza mata sabuwa. Ta ƙi bayar da tsohuwar sai da Mariyama ta kwafe muryar nan ta zuba mata a sabuwar, ta kunna ta ji da kunnenta. Duk sanda na je kasuwar Matankari nakan bi ta rumfar masu nono in gaishe ta. Ba na tambaya, ita take faɗa mini da kanta, tana zuba wa wani nono ba tare da ta dube ni ba. Damina uku ke nan, Sambo bai dawo ba.